Ƙarin ƙwaƙwalwar yara ba ciwo ɗaya ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini, in ce wani abu a kan rahoton da kuka buga kwanakin baya game da ciwon dajin ƙwaƙwalwa a jikin yara. Na ji daɗi da kuka taɓo maganar, domin ba kasafai ake taɓo ta ba. Sai dai akwai magana biyu a ciki da suka tsaya mini a rai. Ta farko ta ce in wannan ciwo ya kama yaro, sai dai haƙuri. Ta biyu ta ɗora laifin a kan wayar hannu da sakacin iyaye. Ni uwa ce da ta yi jinyar ɗanta a kan wannan ciwo, kuma na shekara 19 ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare. Da bakin uwa da bakin malama nake cewa duka biyun ba haka suke ba.

Autana yana da shekara bakwai abin ya fara. Yakan farka da asuba da ciwon kai, ya yi amai tun bai sa komai a baki ba, sai kan ya lafa, kafin hantsi yana wasa kamar ba shi ba. Aka yi ta ba shi maganin ciki. Abin da ya fara tsayar da ni littafin rubutunsa ne. Haruffan da a da suke zaune daram a kan layi sai suka fara hawa da sauka, wasu manya wasu ƙanana. Wata rana kuma na tsaya ina kallonsa yana tsiyaya ruwa a kofi, hannun ya wuce bakin kofin, ya dawo, ya sake wucewa. Da ya taso zuwa wurina sai na ga ya buɗe ƙafafu yana tangaɗi kamar mai tafiya a cikin kwalekwale. Gabana ya faɗi. Duk shekara ina zana ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya a kan allo, ina gaya wa ɗalibai ita ce ke daidaita tafiya da saitin hannu. A ranar mako tara ke nan da fara amansa.

Hoton MRI ya nuna ƙari a ƙeya, daidai tsakiya, ya toshe ɗan kogon da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ya fita. Ƙwaƙwalwa ba ta daina yin wannan ruwa dare da rana, in hanyarsa ta toshe sai ya taru ya matsa ta a cikin ƙoƙon kai. Kwanciyar dare tana ƙara matsin, shi ya sa ciwon kai da aman suka fi zuwa da asuba. Aka yi masa tiyata, aka ce sunan ƙarin medulobilastoma.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya 'yar shekara shida. Ita nata ya fara da ido ɗaya da ya karkace ciki kamar mai harara-garke, sannan baki ya ɗan jirkice, in ta sha ruwa sai ta ƙware. Ni da mahaifiyarta muka zama kamar ciki ɗaya, tana ce mini Yaya. Mun taɓa ɗaga hotunan yaran biyu a jikin taga muna kwatantawa. Tsakanin inda ƙarin ɗana yake da inda nata yake bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Amma nawa aka shiga da shi ɗakin tiyata, tata aka ce ba a taɓawa. Wani dare, bayan yaran sun yi barci, ta ce mini, "Yaya, ke da kika yi karatun abin, me ya sa aka yi wa naki aiki, tawa aka ce ba za a yi ba? Ko don ba su ga alamar za mu iya ba ne?" Ban iya ba ta amsa ba a daren. Wata takwas bayan haka yarinyar ta rasu, Allah ya sa mai ceto ce. Tun daga lokacin nake karatu a kan tambayar, kuma amsar da na samu ita nake so masu karatunku su ji.

Ciwon dajin manya yawanci tsufa ne ke kawo shi. Ƙwayoyin halittar jiki suna shan hayaƙin taba, ko zafin rana, ko kuma tsawon shekaru kawai, kurakurai suna taruwa a cikin rubutun gadonsu kaɗan-kaɗan, kamar katangar da ta sha damina hamsin. Yaro ɗan shekara biyar bai sha daminar da za ta zaizaye shi ba. Da masana suka karanta rubutun gadon ƙarin yara, sun tarar kurakuran da ke ciki 'yan kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da na manya, wani lokaci ɗaya ko biyu ne ke riƙe da dukan ciwon. Ginin ne bai ƙare ba aka samu tangarɗa.

Kafin ciki ya cika wata guda da shiga, wani ɗan faifai na ƙwayoyin halitta a bayan tayi yakan naɗe ya zama bututu. Samansa ya zama ƙwaƙwalwa, sauran ya zama laka. Daga bangon wannan bututu ake samar da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da tafarkin da za ta bi: ta yi ta rabuwa tana hayayyafa na wani lokaci, sannan ta daina, ta yi ƙaura zuwa mazauninta, ta kama aikin da aka halicce ta dominsa. Wadda ta kama aiki ba ta sake rabuwa. Ƙarin yara shi ne ƙwayar da ta ƙi yaye. Lokacin dainawa ya zo, ta ci gaba da rabuwa, ba ta zama komai ba sai yawa.

Wannan tunani tsoho ne. Tun a shekarun 1870 wani likita Bajamushe, Julius Cohnheim, ya ce ƙari yana tasowa ne daga ragowar ƙwayoyin tayi da suka maƙale a jiki. A 1925 Harvey Cushing da Percival Bailey a Amurka suka raɗa wa ciwon ɗana suna, bisa zaton akwai wata ƙwayar tayi guda da take haifar da shi. Ba a taɓa samun wannan ƙwaya guda ba, kuma yanzu mun san dalili: ba guda ba ce.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 10 cikin 100 na dukan ƙwaƙwalwa ba, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiya a cikinta suke cunkushe. Gininta kuma ba ya ƙarewa a ciki. Jariri yana zuwa duniya da wani shimfiɗi na ƙwayoyi masu rabuwa a bayan ƙaramar ƙwaƙwalwarsa, suna ta hayayyafa, sai kafin ya cika shekara biyu shimfiɗin ya ƙare. Inda aka fi yawan aiki nan aka fi yawan kuskure. Shi ya sa kusan rabin ƙarin ƙwaƙwalwar yara a ƙeya yake fitowa, alhali na manya ya fi fitowa a sama.

Me ke gaya wa waɗannan ƙwayoyi su rabu, me ke ce musu ya isa? Labarin ya faro ne daga ƙuda. A 1980 Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus suna nazarin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace a Jamus, suka ga in wata ƙwayar gado, wato wani yanki na rubutun gado, ta lalace sai tsutsar ta fito da ƙayoyi a jiki kamar bushiya, suka sa wa ƙwayar gadon sunan bushiya. Aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1995 ke nan. Mu ma muna da irinta, a taƙaice ana kiranta SHH. A 1999 aka nuna cewa wasu manyan ƙwayoyin jijiya na ƙaramar ƙwaƙwalwa ne ke fitar da wannan saƙo na bushiya, shi ke sa ƙananan da ke shimfiɗin su yi ta rabuwa. Akwai birki a kan saƙon. In birkin ya tsinke a cikin ƙwaya ɗaya, sai ta riƙa jin ana ce mata ta rabu ko da mai kiran ya yi shiru tuntuni. Kusan kashi 30 cikin 100 na medulobilastoma ta haka yake samuwa.

Da aka gane haka sai aka haɗa maganin da ke toshe saƙon. Ya rage ƙarin a jikin wasu. Amma da aka ba ƙananan yara, sai guringuntsin da ke bakin dogayen ƙasusuwansu, wanda ta nan tsawo ke ƙaruwa, ya rufe tun lokacinsa bai yi ba, tsawonsu ya tsaya. Ashe dangin wannan saƙo ne ke tsawaita ƙashi. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna wahalar maganin yara ba. Ƙarin yana rayuwa ne da abin da yaron yake girma da shi.

A ƙarƙashin madubin likita medulobilastoma duk kusan kama ɗaya ne: ƙananan ƙwayoyi zagayayyu, shuɗɗa in an rina su, cunkushe da juna. Amma kama da wane ba ta wane. A 2012 masana suka daidaita a kan cewa rukuni huɗu ne. Na WNT, wanda bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ma ba daga ƙaramar ƙwaƙwalwa yake tasowa ba, daga bayan kututturen ƙwaƙwalwa ne, wato sashen da ke haɗa ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda masu bincike na asibitin St. Jude da ke Amurka suka nuna a 2010. Fiye da yara 90 cikin 100 masu wannan rukuni suna warkewa. Wani ɓangare na dalilin abin mamaki ne: hanyoyin jinin da ke cikin ƙarin suna yoyo, shingen da ke hana magani shiga ƙwaƙwalwa bai ginu a cikinsu ba, don haka kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, yana isa gare shi. Na SHH kuwa ya danganta da shekaru da abin da ya haɗu da shi. A jikin jarirai wani nau'insa yana warkewa da tiyata da kemo ba tare da gashi ba, wato gasa ƙarin da haske mai ratsa jiki. A jikin yaro babba, in ƙwayar gadon TP53 ta lalace tare da shi, yana da wuyar sha'ani matuƙa. Rukuni na 3 shi ne mafi tsanani, musamman in ƙwayar gadon MYC ta ninku a cikinsa, domin yakan riga ya bazu cikin ruwan laka kafin a gano shi, kuma waɗanda ke tsira ba su kai rabi ba. Rukuni na 4 shi ya fi yawa, ya fi kama yara maza, makomarsa tsaka-tsaki.

Na ɗana rukuni na 4 ne, bai bazu ba, kuma likitan tiyata ya samu ya cire shi duka. An aika wani yanki zuwa ɗakin gwaji mai nisa, muka jira mako biyar kafin sakamakon ya dawo. Aka ce yaran da ke matsayinsa kusan 80 cikin 100 suna wuce shekara biyar. Na riƙe wannan lamba kamar igiya a rijiya.

Ranar da likita ya ce mini ƙarin daga ragowar ƙwayoyin tayi yake, na ji kamar an zare mini laka. Tayi a cikin wa? Na ce, "Likita, wani abu na ci da ina da cikinsa? Ko wani magani na sha?" Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce, "Malama, ba ki yi komai ba. Ƙwaya tana kwafe rubutun gadonta duk lokacin da za ta rabu, harafi biliyan uku ne a kowane kwafi. A cikin rabuwa biliyoyi, ɗaya ta yi tuntuɓe a mugun wuri, a mugun lokaci." Na yi kuka a ofishinsa, kukan da ban yi ba ranar tiyata.

Daga baya na bi maganarsa na tabbatar. Abin da aka tabbatar yana jawo ƙarin ƙwaƙwalwa daga waje shi ne haske mai ratsa jiki in ya yi yawa, irin gashin da aka taɓa yi wa kan yaro saboda wani ciwo. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 14 a kan matasa da wayar hannu bai samu shaidar cewa waya na kawo shi ba. Kusan yaro 1 cikin 10 masu ciwon daji an haife su da wata ƙwayar gado mai rauni, wani ya gada, wani a kansa ta fara, kuma wannan ma ba laifin kowa ba ne, sai dai yana da kyau a sani domin a sa ido a kan 'yan'uwansa. Malam Edita, uwar da ke zaune a bakin gadon ɗanta ta riga ta gama tuhumar kanta kafin kowa ya buɗe baki. In ta buɗe jarida ta ga an ce sakacinta ne, an ɗora mata dutse a kan kayan da take ɗauke da shi.

A 2022, bayan mun gama magani, ƙungiyoyi biyu na masu bincike, ɗaya a Toronto ta Kanada, ɗaya a St. Jude, suka gano asalin rukuni na 3 da na 4. Akwai wani ɗan gefe a bayan ƙwaƙwalwar tayi da masana ke kira leɓe saboda siffarsa. A jikin ɗan'adam wannan leɓe yana faɗaɗa ya daɗe yana aiki fiye da na ɓera, abin da ya sa shekara da shekaru ana nema a jikin ɓeraye ba a gani ba. Wasu ƙwayoyi na wannan leɓe ne ke tsayawa a hanya tun a watannin farko na ciki, su kasa ƙarasa zama ƙwayoyin jijiya. Ma'ana, abin da ya bayyana a ɗana yana shekara bakwai yana iya yiwuwa yana kwance shiru tun kafin in ji motsinsa. Tun ran gini ran zane. Da na karanta wannan ban ji tsoro ba, wani sanyi na ji, domin abin da ya daɗe yana kwance wata rana ana iya koyon gano shi kafin ya tashi.

Yanzu in koma ga 'yar ƙanwata ta gadon kusa. Nata ƙarin a cikin gada yake, wato wani sashe na kututturen ƙwaƙwalwa da duk jijiyoyin da ke haɗa kai da gangar jiki suke ratsawa, kuma a nan cibiyoyin motsin ido da fuska suke, kusa da na haɗiya da numfashi. Likitoci suna kiransa DIPG. Na ɗana dunƙule yake a cikin kogo, ana iya zagaye shi a ɗauke. Nata ya ratsa tsakanin jijiyoyi kamar yadda ruwa ke ratsa auduga. Ba abin da wuƙa za ta kama ba tare da ta yanke numfashi ba. Ko a asibitin da ya fi kowane kayan aiki a duniya ba a cire shi. Ba don an raina ku ba ne, ƙanwata, in wannan takarda ta iso gare ki.

Shi ma yana da lokacinsa, ya fi kama yara tsakanin shekara 5 zuwa 10. A shekarun ƙuruciya ana naɗe jijiyoyin gada da wani rufi mai kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, domin saƙo ya riƙa gudu da sauri. Ƙwayoyin da ke shirin zama masu wannan naɗi su ne ke maƙalewa. A 2012 masu bincike a Montreal da kuma St. Jude suka gano kuskuren. Zaren gadon da ke cikin kowace ƙwaya tsawonsa ya kai mita biyu, a naɗe yake a jikin wasu ƙananan sunadarai kamar zare a jikin mazari. A jikin mazarin ake sa alamar da ke cewa wannan shafi a rufe shi, wancan a buɗe. Ƙwaya ba ta balaga sai ta rufe shafukan ƙuruciya. A kusan kashi 80 cikin 100 na DIPG, tubali ɗaya tak ne ya sauya a jikin mazarin, a gurbi na 27, shi ya sa ake kiran sauyin H3K27M. Wannan sauyi guda yana hana sa alamar rufewa, ƙwayar ta dawwama a ƙuruciya tana rabuwa. Michelle Monje ta Jami'ar Stanford da abokan aikinta sun nuna wani abin da ya fi wannan ban tausayi: ƙarin yana haɗa jiki da jijiyoyi masu lafiya, aikin da ƙwaƙwalwa ke yi na yau da kullum yana ƙara masa girma. Gashi yana lafar da shi na 'yan watanni. Yawancin yaran ba sa cika shekara bayan an gano shi, waɗanda ke kai shekara biyu ba su kai 10 cikin 100 ba. Neil Armstrong, wanda ya fara taka wata, ya rasa 'yarsa Karen da wannan ciwo a watan Janairun 1962 tana 'yar shekara biyu. An je wata an dawo, makomar yaran DIPG ba ta sauya sosai ba. A nan kam ba zan yi wa kowa daɗin baki ba.

Amma ku dubi ɗaya gefen. Ƙarin da ya fi yawa a ƙwaƙwalwar yara shi ne giliyoma mai tafiyar hawainiya, wato ƙarin ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi, kuma fiye da 90 cikin 100 na masu shi suna raye bayan shekara goma. A 2008 aka gano a Kambirij ta Ingila cewa yawancin mafi shaharar nau'insa suna tasowa ne daga haɗewar ƙwayar gadon BRAF da wata maƙwabciyarta. Abin da ke kunna shi kuma shi ke gajiyar da shi, ƙwayoyin sukan tsufa su daina rabuwa, da yawa sukan tsaya cik idan yaron ya zama baligi. In yana wurin da wuƙa za ta kai, tiyata kaɗai tana iya gamawa da shi. A watan Maris na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da haɗin magani biyu na sha ga yaran da nasu ke ɗauke da wani sauyi na BRAF. Ku duba fa: sunan gidan ɗaya ne da na DIPG, duka giliyoma ne. In uwar yaro mai wannan ta karanta cewa sai dai haƙuri, ta naɗe tabarmarta ta bar asibiti, an yi asarar yaron da zai iya ganin jikokinsa. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta karɓi wannan fahimta. A kundinta na 2021 ta raba giliyoma irin ta yara da irin ta manya, ta kuma sa gwajin ƙwayoyin gado cikin sunan ciwon. Kafin nan, a 2018, masana a Haidilbag ta Jamus sun fito da hanyar karanta alamomin da ke jikin zaren gado, waɗanda ƙari ke riƙewa daga ƙwayar da ta haife shi kamar yadda mutum ke riƙe karin harshen gidansu. Da suka gwada, sunan ciwon ya sauya a kusan kashi 12 cikin 100 na marasa lafiyan da aka duba.

Ba zan ɓoye kuɗin da warkewa ke karɓa daga jikin yaro ba, domin shi ma daga girma yake fitowa. Tun 1953, da Edith Paterson ta nuna a Manchesta cewa sai an gasa dukan kai da laka ake samun tsira daga medulobilastoma, gashi ya zama ginshiƙin maganin. Amma hasken da ke kashe ƙwayar ƙari mai rabuwa yana taɓa ƙwayoyin da ke naɗe jijiyoyi da rufinsu, kuma wannan naɗi ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. Iya ƙanƙantar yaro iya ɓarnar. Saboda haka likitoci suke gudun gasa kan yaron da bai kai shekara uku ba. An rage ma'aunin daga gire 36 (gire shi ne awon yawan hasken) zuwa 23.4 ga yaran da nasu bai bazu ba, an kuma gwada 18 ko 15 ga rukunin WNT. Da aka gwada cire gashin gaba ɗaya ga wannan rukuni mai sauƙi, ciwon ya dawo, aka tsayar da gwajin. Sanin rukuni ke nan yake gaya wa likita wa za a sassauta wa, wa za a tsananta wa, kuma har ina.

Ɗana ya tashi daga tiyata lafiya, ya kira ni. Kwana biyu bayan haka ya daina magana ɗif. Idonsa biyu, yana ji, yana gane ni, amma ko "Umma" ba ta fita, sai kuka mai ƙara in an taɓa shi. Wannan yana samun kusan 1 cikin 4 na yaran da aka cire wa irin ƙarinsa, domin ƙaramar ƙwaƙwalwa ashe tana da hannu a magana. Mako shida muna haka. Ranar da bakin ya buɗe ina goge masa hannu da tsumma, ya ce "sanyi", a hankali, harafi-harafi, kamar mai ɗaga kaya. Sannan aka yi gashi na mako shida, aka bi da kemo na watanni. Ɗaya daga cikin magungunan ya rage masa ji.

Duk waɗannan alƙaluma da na kawo na wuraren da ake da kayan aiki ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe marasa ƙarfi da yawa kuwa ba su kai 30 ba, kuma tun 2018 ta sa burin kai wa 60 kafin 2030. Asalin ƙwaya yana faɗin iyakar abin da zai yiwu. Jinkiri da rashin kayan aiki suna rage shi. A cikin waɗannan, jinkirin ne jarida ke da iko a kansa. A Birtaniya an ƙaddamar da wani gangamin wayar da kai a 2011, ba da sabon magani ba, sai da abubuwa irin su ɗan kati mai ɗauke da alamomi, kuma lokacin da ake ɗauka kafin a gano ƙari ya sauko daga wajen mako 9 zuwa ƙasa da mako 7.

Don haka roƙona, Malam Edita, ku sake komawa kan maganar, ku buga alamomin ɓaro-ɓaro. Ciwon kai da amai na asuba da suka ƙi ƙarewa. Tangaɗi ko faɗuwa ga yaron da ya riga ya iya tafiya. Ido da ya karkace rana tsaka, ko gani bibbiyu, ko karkata wuya gefe ɗaya. Rubutu da ya lalace, ko hali da ya sauya ba dalili, ko farfaɗiya ba zazzaɓi. Ga jariri kuma, kai da ke girma fiye da kima, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa. Yawancin yaran da ke ciwon kai ba su da ƙari, amma in biyu daga waɗannan suka haɗu, ko ɗaya ya daɗe, a nemi likita ya duba bayan ido ya gwada tafiyar yaron, a tambaye shi ko ana buƙatar hoto. In kuma an ce akwai ƙari, kada iyaye su tashi daga kujera sai sun tambayi sunansa, da inda yake, da ko ya bazu, da ko akwai hanyar sanin rukuninsa. Su rubuta amsar a takarda.

Autana yanzu shekararsa 13. Yana sa na'urar ji a kunnuwa biyu, ana yi masa allurar girma domin gashin ya taɓa ƙullin da ke fitar da sinadarin tsawo, kuma ƙanen abokinsa ya fi shi tsayi. Lissafi yana ɗaukarsa lokaci, malamansa suna ƙara masa minti 20 a jarrabawa. Rubutun ya dawo kan layi, ko da yake a hankali yake yinsa, harshe a waje. Jiya ya same ni ina wannan takarda, ya karanta farkonta ta bayan kafaɗata, ya ce in gyara, kofin ba na ruwa ba ne kaɗai ya riƙa kuskurewa, har maɓallin rigarsa ya gagare shi sakawa, ni ce ban lura ba saboda yayarsa ke saka masa. Hotonsa na gaba a watan gobe ne.

Na gode da filin da ka ba ni.

Taku,
Malamar ilimin halittu, mahaifiyar Auta